Likitan dabbobin da ya yi mana aikin kwikwiyonmu mai sata da rowar kwano

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun bayan Layya nike son in rubuta wannan abu ban samu zama ba sai yau, don mata da yawa a unguwarmu sun tambaye ni wai ya anka yi karen nan namu ya natsu haka, wadda ta san shi wata ukku baya ba za ta yarda shi ne ba. Ba zan faɗi sunan likitan ko na shagonshi ba don ban nemi izininshi ba, kuma akwai wuraren da zan yi ƙorahi a kanshi, bai kamata in kama suna ba. Shago ne dai ƙarami na maganin bisashe nan cikin garin Maraɗi, irin waɗanda masu kiwon turka ke zuwa sayen maganin tsutsa da gishirin lasa, shi kuma mai shagon yana zuwa gida in an kira shi.

Ni a Ali Ɗan Sofo nike zaune, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sannan ina ɗan kiwon jajayen awakinmu na Maraɗi, waɗanda kowa ya san su da yawan tagwaye da nono da kyan fata. Bara ɓarayi sunka tsallako katanga cikin dare sunka tahi da biyu, ɗaya ma da tsohon ciki, wallahi sai da na yi kwana ukku abinci bai yi min daɗi ba. Daga nan maigida ya ce sai an kawo kare. Inna, uwar maigidan ke nan, ta ce ita ba da ita ba, sai da anka tambayi malamin masallacinmu ya ce in dai don gadin dabbobi ne babu laihi, a dai kula da tsabtar kwanoni kuma kar a bar shi da yunwa ko ƙishirwa. To wani ɗan uwan maigida can Tibiri karyarshi ta haihi guda 7, anka kawo mana ɗaya cikin kwali a bayan moto, ɗan mitsitsi da shi, ja-ja da farin ƙirji, dogayen ƙafahu, duka-duka bai wuce sati 5 a duniya ba. Yara sunka sa mishi suna Barsu.

Watan farko babu wata matsala, sai tausayi da yake ba mutum. Yana shiga wata na ukku abu ya canza. Na shanya ƙuli a faifai in juya in ɗauko ruwa, kafin in dawo ya yi awon gaba da guda huɗu. Tunkuza ya sa baki. Ƙwan da kaza ta saka a bayan randa ya sha. Busasshen kihi da na saya don miya ya ja leda guda ya shige ƙarƙashin amalanke. Yaro na zaune da ɗumame a hannu sai dai ka ji ihu, ya warce. Kuma duk kwanon da ya lasa sai na wanke sau 7, a rana ɗaya in wanke kwano biyar haka ga aikin suya na jirana, ku da kanku ku lissafa. Satar ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya, don sai ya zama in yana cin nashi abincin ba a isa a gitta ta kusa ba, zai sandare kamar icce, ya duƙar da kai kan kwano, ya riƙa hararar mutum ta gefen ido har farin idon ya hito, yana haɗiya da sauri-sauri ba ko tauna, in ka ƙara taku ɗaya sai gurnani, sai yaƙe haƙora. Ɗan abu da bai kai tsawon gwiwata ba.

Abin da munka yi shi ne abin da kowa ya ce mu yi. Wani maƙwabcinmu da ya taɓa riƙe karnukan farauta ya ce a riƙa ɗauke kwanon yana tsakiyar ci, in ya yi gurnani a tsula mishi tsumagiya, don ya san akwai na gaba da shi a gidan. Babban ɗana ya ɗauki wannan aiki kullum dare. Sati biyu ana haka gurnanin ya ragu sosai, munka ce madalla magani ya ci. Ashe ba mu san abin da munka shuka ba.

Washegarin Layya ne, kun san yadda gidajenmu suke ranar, ragon da anka gasa jiya a jikin itace an sauke ana yanyankawa, kasko na kan wuta ana suya, nama a tire nama a roba, ƴan uwa na shiga da hita. Barsu ya faki ido ya ɗauke wani ƙashin haƙarƙari mai tsoka ya ruga bayan turmi. Autana ɗan shekara 4 ya bi shi, shi a ganinshi naman Babanshi zai ƙwato, ya miƙa hannu kawai. Babu gurnani babu komi, sai ƙarar yaro munka ji. Haƙori biyu sun huda bayan hannun, jini na tsattsafowa. Maigida ya ɗauko taɓarya ya ce yau sai ya kashe shi, Inna na cewa ai dama ta faɗa, ni kuma jikina na ɓari na rasa abin yi, sai wata ƙanwar maigida da ta zo yawon Sallah ta ce bari ta kira mai yi wa tumakinta allura.

A nan na fara ganin mutumin ya san aikinshi, don ranar hutu ce amma ya ɗauka, kuma bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce a ba ni wayar. Ya ce, "Hajiya, ki ajiye komi, ki kai hannun yaron bakin pampo ki wanke da sabulu ruwa na zuba a kai har minti 15, ki duba agogo, kar ki rage. Kar a sa toka, kar a sa barkono ko man moto, kar a ɗaure. Kuna gamawa ku wuce asibiti yanzu-yanzu, ku gaya musu kare ne kuma ba a taɓa yi mishi rigakahi ba." Sannan ya ce a ba maigida, na ji yana ce mishi, "Alhaji, don Allah ka ajiye abin da ke hannunka. In ka kashe karen nan ka kashe shaidarmu. A ɗaure shi wuri guda, a ba shi ci da sha, mu sa mishi ido kwana 10." Daga baya ya yi mana bayani cewa karen da ke ɗauke da ciwon hauka har ya kai ga zuba shi cikin yawu ba ya wuce waɗannan kwanaki ba tare da ciwon ya bayyana a jikinshi ba, shi ya sa ake jira a gani, amma ba a jira da allurar yaro, ita a ranar ake farawa don in alamun ciwon sunka hito a jikin mutum kusan babu mai tashi. Ya ce Hukumar Lahiya ta Duniya na ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ni da na ɗauka ciwon haukan kare labarin ƙauye ne, ranar ban runtsa ba. Yaro dai an yi mishi alluranshi a ranakun da sunka rubuta mana, alhamdu lillahi hannu ya warke, kare kuma ya cika kwana 10 garau.

Zuwanshi na farko gidan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. Na zaci zai zo ya soka allura ya karɓi kuɗinshi ya tahi kamar yadda aka saba. Ya yi sallama, maigida ya shigo da shi, ya nemi kujera ya zauna nesa da karen ya ce a zuba mishi abinci yadda muke zubawa kullum, kowa ya ci gaba da harkarshi. Kusan rabin awa yana zaune yana kallo bai ce uffan ba. Sannan ya fara tambaya, sati nawa gare shi anka raba shi da uwa, su nawa ne a wurin uwar, a kwano nawa suke ci, sau nawa muke ba shi a rana, me muke ba shi, wa ke ba shi, an taɓa ba shi maganin tsutsa. Amsoshin da na bayar ni kaina da na ji su a jere sai jikina ya yi sanyi, sati 5, su 7 a kwano guda, sau ɗaya da dare, ragowar tuwo da miya in an rage, in ba a rage ba ƙanzo, magani kuwa ko sau ɗaya. Ya ce kwikwiyo kamata ya yi ya kai sati 8 tare da uwarshi da ƴan uwanshi, a nan yake koyon iyakar cizo da wasa, kuma wanda ya tashi yana kokawa da ƴan uwa shida a kan kwano guda ya riga ya koyi cewa wanda bai yi sauri ba bai ci ba. Ya nuna min cikin, tulu guda a gaba amma haƙarƙari a waje, gashi a hargitse babu sheƙi, ya buɗe leɓen ya nuna min dasashi ya yi fari-fari. Ya ce, "Hajiya, rabin satar nan yunwa ce, kuma abin da ya sata ma ba shi kaɗai ke ci ba, shi da tsutsa ne."

Ya auna nauyinshi kafin ya ba da magani, ya hau sikeli da shi a hannu sannan ya hau shi kaɗai ya cire, ya ce maganin tsutsa da nauyi ake ba da shi ba da ido ba, kuma kar in kuskura in ɓalla mishi na awakina. A ƙa'ida wai tun yana sati 2 ake farawa, duk bayan sati biyu har ya kai wata 3, daga nan duk wata har wata 6. Abin da ya hita daga cikin karen nan washegari ba zan kwatanta ba, an dai kwashe an binne an hana yara taka wurin ba takalmi, don ya ce ƙwan tsutsar na kama yara masu wasa da ƙasa. Allurar haukan kare kuwa sai da kwana 10 ɗin sunka cika ya dawo ya yi, tare da ta ciwon nan mai sa kwikwiyo amai da zawon jini. Abin da ya burge ni, cikin glasiya da ƙanƙara ya zo da su, ya nuna wa maigida ranar lalacewa a jikin kwalbar kafin ya ja, ya ɓamɓare takardar ya manna a karne, wato ɗan littahin rigakahin karen, ya sa hannu. Ya ce allurar nan in ta sha zahi ta zama ruwa, tsakanin digiri 2 zuwa 8 take zama, kuma da zahin Maraɗi da yadda kuran ke ɗaukewa duk wanda ya zaro maka kwalba daga aljihun riga kar ka yarda.

Sai maganar duka. Babban ɗana ya ba shi labarin tsumagiya da ɗauke kwano yana jin ya yi abin kirki, har ya ce ai gurnanin ma ya daina. Likita bai yi mishi faɗa ba, cewa ya yi, "Samari, in kana cin abinci kullum wani ƙato ya zo ya hizge kwanon, in ka yi magana ya mare ka, gobe in ka hango shi tahe me za ka yi?" Yaro ya yi shiru. Ya ce to karen nan ba mugunta yake ba, tsoron rashi ne, kuma kun tabbatar mishi cewa tsoron nashi gaskiya ne, hannun mutum in ya matso ƙwace yake. Gurnani kuma magana ce, cewa yake don Allah ka ja baya, ku kunka dake shi har ya bar maganar amma tsoron na nan inda yake, shi ya sa ranar da ƙanenka ya miƙa hannu bai yi gargaɗi ba, cizon kawai ya kai. Wallahi da na ji wannan sai hawaye, don na tuna yadda munka yi murna da gurnanin ya ɗauke. Ya ce daga yau duk wanda Barsu ya yi wa gurnani ya tsaya cak ya koma baya, a zo a gaya mishi me ake yi lokacin, kar a taɓa shi.

Aikin da ya ɗora mu a kai ba wani abu mai wuya ba ne, naci yake so. Abinci sau 3 a rana kan lokaci har ya cika wata 6 sannan a maida sau 2, a dafa mishi nashi daban, tuwon hatsi ko shinkafa da ɗan huhu ko tumbi ko kan kihi da nike samu da araha wurin mahauta, babu yaji babu albasa. Wurin cinshi guda ɗaya, can lungun bayan garken awaki inda ba hanyar kowa ba ce, a ajiye a ba shi wuri, kwano kuma ba a ɗauka sai ya gama ya bar wurin da kanshi. Sati guda haka kawai, ba a yi komi ba, don hankalinshi ya kwanta. A sati na biyu ya ce in dafa hanta in yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, in yana ci in zo in tsaya nesa, daidai inda bai fara sandarewa ba, a wurinmu kamar taku shida ne, in jeha mishi guda kusa da kwano in juya in tahi abina. Shi ke nan. In yi sau ukku ko huɗu a kowane ci. Ranar farko ko kallon hantar bai yi ba sai da na ɓace. Rana ta huɗu ina tahowa ya ɗago kai daga kwanon yana kallon hannuna, wutsiya na ɗan motsi, kuma wannan ɗago kan shi ne alamar da likita ya ce in jira kafin in rage taku ɗaya. In na matsa ya sandare to na yi gaggawa, in koma inda nike jiya. Haka munka yi ta yi, taku shida, biyar, huɗu, sai da munka ci sati ukku kafin in iya tsayawa gab da shi in saka hantar cikin kwanon da hannuna. Bayan ni maigida ya faro daga taku shida, bayan shi babban ɗana, wanda nashi ya fi daɗewa don shi ne mai tsumagiya, kare bai manta ba. Ƙananan yara kuwa likita ya ce babu su a wannan aiki ko kusa.

Na biyu shi ne musaya. Ya ce kar a sake ƙwace komi daga bakinshi da ƙarhi, kuma kar a bi shi da gudu, don bin shi ke sa ya haɗiye abu ko da leda ce ko ya ƙara riƙewa. In ya ɗauki abu a kawo wanda ya fi shi daɗi a nuna mishi, ya saki wancan da kanshi, a jeha mai daɗin can gehe, in ya bi a ɗauke. Munka fara da abin da bai dame shi ba, tsohon tsumma da guntun igiya, in ce "saki" in nuna hanta, ya saki, ya ci, in maida mishi tsummanshi, wannan maidawar likita ya ce ita ce gishirin abin, don ya gane saki ba asara ba ne. Akwai kuma kalmar hana shi ɗauka tun bai ɗauka ba, ni da "bari" na fara, likita ya ce a'a, sunanshi Barsu, "bari" da "Barsu" a kunnenshi kusan ɗaya ne, zai zaci kiranshi kike, sai munka koma "ƙyale". In dunƙule ƙuli a hannu ya yi ta shinshina yana lasa, da ya gaji ya janye hanci sai in ba shi hanta daga ɗaya hannun. Irin wannan lura da ƙaramin abu ita ta sa na yarda mutumin ya zauna da karnuka da gaske.

Kan sata kuwa bai ɓoye min ba, ya ce, "Hajiya, wannan aikinki ne ya fi na kare yawa, ba a ba kura ajiyar nama." Duk ranar da ya sata ya ci to an biya shi ladan sata, kuma dukan da za a yi mishi bayan ya haɗiye ba ya haɗa shi da satar, abin da zai koya kawai shi ne ya jira sai ba kowa. Don haka munka sa mai walda ya yi mana rabin ƙyaure a ƙofar madafa, shanyar ƙuli ta koma kan rumfa, kihi da nama cikin samira mai murhi a saman kanta, bokitin shara anka samo mishi marhi, lokacin cin abincin yara a tabarma kuma ana ɗaure shi a turkenshi da abin gwaguya, kuma an hana kowa jeha mishi loma daga kwano komin kallon tausayin da zai yi. Ya lissafa min abubuwan da ke cutar da kare waɗanda ke yawo a gidajenmu, albasa da tafarnuwa ɗanye ko dafaffe suna lalata mishi jini, ke nan miyar da na yi wata ukku ina juye mishi ba alheri ba ce, sai shakulati, inabi ɗanye ko busasshe, ganyen shayin da samari ke zubarwa bayan sun gama dahuwa, da goro. Goron nan ya ba ni mamaki don Inna kullum nata na cikin ɗan gwangwani a gehen tabarma. Sai ƙashin kaza ko na zabo dafaffe, yana tsagewa kamar allura ya huda hanji.

Yanzu ƙorahina, don ba zan yabe shi kawai in yi shiru ba. Mutumin nan bai san lokaci ba. Ya ce ƙarhe 4 bayan la'asar, sai ga shi ana kiran magariba, sau biyu ma bai zo ba sam kuma bai kira ba, na hana kaina zuwa kai man gyaɗa kasuwa ina zaman jiranshi. Na gane shi kaɗai ne kuma ranakun kasuwannin ƙauye yana can wurin shanu da tumaki inda cinikinshi yake, amma kira ɗaya ai ba ya gagara. Wayarshi ma bayan ranar farko samunta ya yi wuya, sai dai in tura bokal ta WhatsApp da bidiyon karen yana ci, ya amsa can cikin dare, amsar dai in ta zo mai amfani ce. Na biyu, ya so ya tura mana abincin karnuka na buhu, kroket, wanda yake saidawa, munka sayi ƙaramin buhu ɗaya ya ƙare cikin kwana kaɗan, kuɗinshi ya isa cehanen gidan nan na kwana biyu, na ce mishi gaskiya ba za mu iya ba, sai a lokacin ya zauna ya tsara min na gida, da tun farko ya fara da wannan da ya fi. Na ukku, duk abin da ya rubuta a karne da takardar magani da Faransanci ne, sai ɗiyata ta dawo daga lakwal take karanta min, alhali da bakinshi Hausa yake zubawa tsantsa. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne bai gargaɗe ni ba cewa natsuwa a kan kwano daban, natsuwa a kan ƙashi daban. A sati na biyar na ga komi ya yi kyau na ba shi ƙaton ƙashin saniya ɗanye, na zo wucewa ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, gabana ya faɗi na ce aiki ya rushe. Da na gaya mishi ya amsa cewa laihinshi ne, ya kamata ya faɗa min abin da kare ya fi so shi ya fi tsarewa, ƙashi sai an faro daga taku shida kamar ba a taɓa yi ba, kuma a riƙa ba shi a ɗaure lokacin da yara ba sa tsakar gida. Na ji daɗi da bai yi gardama ba, amma da autana ne ya gitta ranar fa?

Kuɗi kuwa, jika 2 yake karɓa duk zuwa gida ban da magani da allura, ya zo sau biyar, na ƙarshen ya ƙi karɓa ya ce a madadin ranakun da ya saɓa. In na haɗa da hanta da aikin mai walda abin ya taɓa aljihu, amma bai kai kuɗin akuya guda cikin waɗanda anka sace min ba, bare a yi maganar zirga-zirgar asibiti da yaro. Shagon nashi matsattse ne, warin magani ya cika shi, babu wurin zama, kuma kayan kare kaɗan ne a ciki, ko takunkumin baki babu sai an yi sautu, don haka in kare ne matsalarka gara ka kira shi gida da ka ɗauki kare ka kai.

Barsu yanzu ya shiga wata 7, ya yi tsawo gashi ya kwanta, ina iya zuba mishi ƙari yana tsakiyar ci ya matsa min da kanshi. Rannan tsokar nama ta suɓuce min daga wuƙa ta faɗi gabanshi na ce "ƙyale" ya tsaya yana kallona har na ɗauka, na ba shi ladanshi. Ban ce ya bar sata kwata-kwata ba, satin da ya wuce an bar ƙyauren madafa a buɗe ya shanye hurar maigida. Kuma har gobe autana ba ya zuwa lungun nan in kare na ci, likita ya ce wannan doka ba ta da ranar ƙarewa, komin natsuwar kare ba a barin shi da ƙaramin yaro da abinci su ukku babu babba. Inna har yanzu ba ta son shi kuma ba ta bari ya taka tabarmarta, ta dai daina cewa a kai shi daji a yar. Da dare yana kwance bakin garke, motsi kaɗan a bayan katanga sai haushi, jar akuyata babba ta haihi tagwaye sati biyu da sunka wuce kuma a gabanshi suke tsalle-tsallensu. Allurar haukan kare ta gaba an rubuta mana ita a karne shekara mai zuwa, kuma shi zan kira, sai dai zan ce mishi ƙarhe 2 don ya iso ƙarhe 4.